Ƙwarin da Na Kai Garinmu

Akwai wata damina da ba zan manta da ita ba har ƙasa ta rufe mini ido. Ita ce daminar da na sa aka kawo ƙwari a cikin ƙananan buhuna daga jami'a zuwa garinmu, har mutanen gari suka taru za su cinna musu wuta. Yanzu na yi aure, ina da 'ya'ya, ina aikin malamar gona, na kuma ga abubuwa iri-iri a wurin aiki. Amma duk sa'ad da hatsi ya fara fitar da kai, sai wannan shekarar ta dawo mini kamar jiya aka yi.

Garinmu ƙaramin ƙauye ne a ƙasar Allakaye, cikin duwatsun Adar. Ni ce babba a gidanmu, sai ƙannena maza biyu. Babana manomi ne, bai taɓa zama a benci ba, amma shi ya kama hannuna ya kai ni lakwal, wato makarantar boko, kuma bai taɓa yarda in yi fashi ba ko da lokacin shuka ne. Da na samu bak, takardar gama sakandare, wasu 'yan ajinmu suka dage sai Yamai, wai jami'ar jiharmu ƙarama ce, ba ta da suna. Ni kuwa Baba ya ce in tafi tamu ta Tawa, don in wani abu ya taso mota ɗaya za ta kawo ni gida. Haka na shiga sashen ilimin noma, ba don na san abin da zan tarar ba.

Abin da na tarar ya ba ni mamaki. Na zaci za a yi ta karanta mana noman ƙasashen da ban taɓa gani ba, sai na ga malamanmu a kan abin da muke ci muke sha suke aiki. Wasu suna can wajen Keita suna binciken yadda ake farfaɗo da fako har ya koma gona. Wasu suna Sabon Gida da kewayen Madawa suna neman hanyar da albasa za ta daɗe a ajiye ba ta ruɓe ba. Wasu kan abincin dabbobi, wasu kan ƙwarin da ke ɓata hatsi. A ɗakin kwananmu na site, gidan ɗalibai, kuwa, ƙawata 'yar Keita ce, ita aikin koyarwa take karantawa. Tare muke zuwa resto cin abinci, tare muke wanki, kuma ita ce mai tashe ni in na yi nauyin barci ranar jarrabawa.

Ina shekara ta uku, wadda a ƙarshenta ake samun lisans, aka kira ni a waya aka ce Baba ya faɗi a gona. Ruwan shuka ya sauka ke nan, ya fita da kwashensa na shuka, sai maƙwabcin gonarmu ya tsince shi kwance. Na same shi a likitar Buza, wato asibiti. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, in zai faɗi kalma ɗaya sai ya yi ta fama. Da aka sallame mu muka koma gida, na duba na ga yadda abubuwa suke. Ƙanena ɗaya yana Abijan, ɗayan ya tsallaka Libiya, babu mai iya dawowa a wannan daminar. Inna ita kaɗai ba ta iya ɗaga Baba ta kwantar. Baffana, ƙanen Baba, ya yi mana shuka da mutanensa, amma shi ma da nasa gonakin da nasa iyalin. Ba wanda ya ce mini in bar karatu. Ni da kaina na ga babu wata hanya.

Na koma Tawa don in kwashe kayana. Ina cikin ninke tufafi ƙawata ta shigo, ta tsaya tana kallona. Da na gaya mata, ba ta yi mini gardama ba. Cewa kawai ta yi, "To, ai ba a barin wuri ba sallama. Ki je ki gaya wa malaminki da bakinki, kada ya ji a bakin wasu." Ta zauna a kan akwatina, ta ce ba ta tashi sai na je na dawo.

Malamin da zai duba mini aikin ƙarshen karatu dattijo ne, masanin ƙwari, mai magana a hankali kamar ba ya son ya tashi wani daga barci. Na same shi a labo, ɗakin gwaje-gwaje, yana leƙa wasu kwalabe. Na gaishe shi, na ce na zo sallama ne. Ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba. Na jira ya ce Allah ya sawwaƙe, ko ya fara yi mini wa'azin muhimmancin ilimi. Sai ya ce, "Allah shi ba shi lafiya. Gonar taku, hatsi ne ko dawa?"

Na ce hatsi ne, da ɗan wake a tsakani.

"Murzuna tana taɓa ku?"

Na ce ai babu shekarar da ba ta taɓa mu. Murzuna ita ce tsutsar nan da ke shiga zangarniyar hatsi tana zagaye ta tana yanke tsaba, har ka ga zangarniya doguwa amma in ka murza ta babu komai sai ƙaiƙayi. Tun ina yarinya na san fuskar Baba in ya dawo daga gona a lokacinta.

Malam ya ja mini kujera. Ya ce aikin da aka ba ni na cikin labo ne, amma ba dole ne ya zama shi ba. Suna neman ƙauyukan da za su gwada sakin wani ɗan ƙwaro da ke kashe murzuna, kuma babbar matsalarsu ita ce samun ɗalibin da zai zauna a ƙauye damina guda yana lura. Ya ce, "Ke kuma ga shi zaman ƙauye ya kama ki dole. To, mi zai hana gonar babanki ta zama ajinki? Ki yi jinyarsa, ki yi nomanki, ki yi bincikenki. Abin da ya rage tsakaninki da jami'a, mu za mu san yadda za mu yi da shi."

Ya ɗauki hularsa, ya ce in biyo shi. Da ƙafarsa ya raka ni wurin shugaban sashe, daga nan kuma ofishin da ke kula da jin daɗin ɗalibai. A can muka samu wata mata mai fara'a, ta tambaye ni halin da Baba yake ciki dalla-dalla, har ta koya mini yadda ake juya mai shanyewar jiki don kada kwanciya ta yi masa gyambo. Aka yarda in rubuta jarrabawar da ta rage mini a zagaye na biyu, bayan damina. Aka ce gadona na site yana nan, ba za a ba wani ba. Da na koma ɗaki, ƙawata tana nan zaune a kan akwatin, har ta fara gyangyaɗi.

Na ɗan ƙara kwanaki a labo ina koyon aikin. Ƙwaron nan ɗan mitsitsi ne, ko sauro ya fi shi girma, ba ya cizon mutum, ba ya cin ganye. Macen ce ke neman tsutsa, ta harbe ta ta sandare, sannan ta zuba ƙwanta a jikinta. In 'ya'yan suka ƙyanƙyashe sai su cinye tsutsar, su girma, su ma su tashi neman wata. Yadda ake kai shi gona kuwa, ana samun ɗan buhun algarara, a zuba masa tsabar hatsi kaɗan, a sa wata irin tsutsa ta hatsin ajiya wadda za ta zama abincin 'ya'yan, a saka matan ƙwaron, a ɗaure. In an rataye buhun a itace kusa da gonaki, sabbin ƙwarin za su riƙa fitowa ta ƙofofin saƙar suna bazuwa.

Na koma gida na kama aiki. Da asuba mu gyara Baba ni da Inna, in dama masa kunu in ba shi da cokali, sannan in ɗauki haiwa in nufi gona. Baffa ya kira mana gayya a noman farko, matan unguwa suka taya ni na biyu. Hannuwana da suka saba da biro suka yi kanta. Da yamma in zauna kusa da Baba ina matsa masa hannun da ya mutu, ina ba shi labarin gona. Ba ya cewa komai, sai dai ya ɗaga kai ko ya lumshe ido.

Da hatsi ya fara ɗaukar ciki, motar jami'a ta kawo mini buhunan. Kafin nan na riga na je wurin maigari tare da Baffa, na yi bayani a gaban dattawa. Na gaya musu har da tsutsar da ke cikin buhun. Suka yi dariya, wani ya ce, "Yau ga zamani, ƙwaro shina gadin gona." Maigari ya ce tun da ba magani ba ne mai guba, kuma ba a ce kowa ya kawo komai ba, a gwada. Na bi gabas da yamma, kudu da arewa, na rataye buhunan a jikin gawo da aduwa, na rufa wa kowanne 'yar rumfa don ruwa.

Ba a daɗe ba aka yi wani ruwa mai iska, ya kakkarya rassa. Washegari wata mata ta je ɗiban tafasa, ta tsinci buhu ɗaya a ƙasa ya yage. Ta buɗe, sai ga tsutsotsi farare a cikin hatsi. Ta ɗauko shi a bakin zanenta ta shigo gari da shi. Kuma kamar an shirya, a cikin kwanakin nan ne murzuna ta bayyana, ta kuma bayyana da ƙarfin da aka daɗe ba a ga irinsa ba. Hatsin da aka shuka da ruwan farko shi ta fara kamawa, gonar Baffa tana ciki.

A nan na gane jin abu da kunne daban, ganinsa da ido daban. Duk bayanin da na yi ya bi iska. Abin da mutane suka gani shi ne, 'yar boko ta rataye buhuna, a cikin buhunan akwai tsutsa, ga kuma tsutsa ta cika gonaki. Ko ni ce a matsayinsu, abin da zan ce ke nan. A bakin rijiya mata suka daina amsa gaisuwata da sakin fuska. Wata tsohuwa da ta goya ni ina jaririya ta ce mini, "Ɗiyar nan, mi munka yi miki?" Wannan tambayar ta fi zagi ciwo.

Bayan la'asar aka aiko in zo ƙofar maigari. Na tarar an kwanto buhunan duka an tara su a tsakiyar fili, wani ya kawo kara ya ajiye a gefe. Maza sun cika wurin. Na durƙusa daga can gefe, na gaishe su. Maigari mutum ne mai haƙuri, ya ce in sake faɗin abin da na faɗa da farko. Na sake faɗa. Na ce tsutsar buhu daban, ta gona daban, ta buhu ba ta iya rayuwa a kan zangarniya. Na ce murzunar da suke gani ƙwanta ya riga buhunan zuwa, kuma ƙwarin suna bukatar lokaci kafin su yi yawa. Ni kaina na ji maganar ba ta da nauyi.

Baffa ne ya amsa. Bai ɗaga murya ba, kuma har yau ban riƙe shi da komai ba, don mutum ne da ya ga abincin iyalinsa yana zubewa ƙasa. Ya ce, "Ni na raka ta wurin ga, da bakina na roƙa mata. Ba ni cewa ta yi da gangan. Amma su waɗanda sunka ba ta abin ga, in hatsinmu ya lalace, suna can birni suna cin shinkafa. Mu ke nan. A ƙone su, in ya so abin da Allah ya rage muna mu gode mai." Wurin ya ɗauki "gaskiya ne, gaskiya ne."

Ana cikin haka sai muka ji ƙarar amalanke. Maƙwabcinmu ne yake jan jaki, Baba yana kwance a baya an tokare shi da matashi, Inna tana biye da mayafinta. Ashe ta bayan danga Baba ya ji mata suna maganar, ya yi ta bugun gado da hannunsa mai lafiya har sai da Inna ta fahimci abin da yake so. Tun da ya faɗi bai fita ƙofar gida ba sai ranar. Mutane suka dare. Maigari ya taso da kansa ya zo bakin amalanken yana yi masa sannu.

Baba ya ɗaga hannun hagu ya nuna tarin buhunan. Ya buɗe baki, maganar ta ƙi fita. Ya sake gwadawa, miyau yana zubo masa, Inna ta goge. Can sai kalmomin suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, a karkace, amma kowa ya ji su.

"Kar a ƙone. Ku kai su gonata. Duka." Ya huta, ya ja numfashi. "In tsutsa ce, ta ci nawa. Ɗiyata ba ta yi mini ƙarya."

Wanda bai san al'adarmu ba, ba zai gane abin da ya faru a wurin ba. Ni 'yar fari ce. Tun da aka haife ni Baba bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa yabona a gaban mutane ba, in zai yi maganata sai ya ce "yarinyar nan" ko "ta wajen Inna". Kunya ce irin ta iyayenmu. Ranar nan, a gaban dukan mazan gari, da bakin da ko ruwa ba ya riƙewa sosai, ya ce ɗiyata. Na sunkuyar da kai, hawaye suna ɗiga a kan ƙasa, ban ma damu da wa ke kallona ba.

Maigari ya dubi Baffa. Baffa ya dubi yayansa, ya ce, "Gonarka ce, Yaya." Ya juya ya tafi. Aka loda buhunan a kan amalanken nan, kusa da ƙafafun Baba. Kafin magariba na rataye su duka a itatuwan gonarmu.

Washegari na hau dutsen bayan gari inda ake samun rezon waya, na kira Malam. Na gaya masa komai, na ce aikin ya lalace, tun da tsarin da muka yi na rarraba buhunan ya rushe. Ya fara tambayata jikin Baba. Ya ce, "Aiki bai lalace ba. Ki rubuta abin da ya faru yadda ya faru, shi ma sakamako ne. Ki ci gaba da duba zangarniya kamar yadda na koya miki, a gonarku da duk gonar da mai ita ya yarda. In kin fara ganin tsutsa ta yi baƙi, ki kira ni."

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi tsawo a rayuwata. Kowace safiya in shiga gona in tsaga zangarniya, in tarar da murzuna tana nan da ranta, ta yi ɓul-ɓul. In dawo gida Baba ya dube ni, in girgiza kai, shi kuma ya lumshe ido kamar yana cewa ba komai. Na fara tunanin ko ruwan nan ya kashe ƙwarin, ko kwantowar da aka yi ta ɓata su. Inna kuwa, na ga ta fara rage hatsin da take ɗebowa daga rumbu.

Wata safiya na tsaga wata zangarniya sai na ga tsutsar ba ta motsi. Ta yi laushi, ta fara baƙi, a gefenta ga wasu 'yan farare-farare kamar tsabar auduga, gidajen da 'ya'yan ƙwaron ke saƙawa kafin su yi fiffike. Na tsaga ta biyu, haka. Ta uku tana da rai, ta huɗu ta mutu. Na zauna a kan kunya a tsakiyar gona na yi ta hamdala. Na karyo zangarniyar na kai wa Baba, na buɗe masa a kan tafin hannunsa. Ya daɗe yana kallo, sannan gefen bakinsa mai lafiya ya motsa.

Malam ya zo wata ranar kasuwa, shi da ɗalibai biyu. Ƙorama ta cika, motar ta kasa ƙetarewa, sai suka naɗe wanduna suka ƙaraso da ƙafa. Bai fara da gona ba. Gidanmu ya fara shiga, ya cire takalmi, ya durƙusa gaban gadon Baba ya gaishe shi kamar yadda ake gaida babban malami. Ya ce, "Baba, mun gode da aron gona." Daga nan ya je ya gaida maigari, ya roƙi duk mai hali ya biyo mu.

A gona bai yi dogon jawabi ba. Ya tambayi mutane ko sun san zanzaro, wanda ke gina ɗakin laka a jikin bango ya riƙa ɗauko tsutsa yana cusawa ciki. Suka ce wa bai san shi ba. Ya ce, "To, wanga ƙanensa ne. Shi dai bai iya gini ba, inda ya samu tsutsar nan yake yi mata aiki." Aka yi dariya. Ya fito da gilashin ƙara girma, ya miƙa wa maigari, aka riƙa karɓa hannu zuwa hannu. Ya kuma ce musu tsoron da suka ji ba wauta ba ne, duk mai hankali in ya ga tsutsa kusa da abincinsa dole ya tsorata, kuma daga yanzu duk garin da za su je, sai sun fara buɗe buhu ɗaya a gaban jama'a kowa ya gani da idonsa.

Baffa yana can baya, bai karɓi gilashin ba. Da aka fara watsewa sai ya matso kusa da Malam, ya ce, "Malam, abin ga, shina tsallaka iyaka?"

Malam ya ce, "Mu je gonarka mu tambaye shi."

Muka tafi. Gonar Baffa tana da ɗan nisa da tamu, amma zangarniyar farko da ya tsaga da hannunsa, sai ga tsutsa baƙa da fararen gidajen nan a gefenta. Ya tsaya yana jujjuya ta. Malam ya ce ƙwaron bai san gonar wane da ta wane ba, inda abinci yake nan yake zuwa. Baffa ya ce, "Ikon Allah."

Ba zan ce an yi abin al'ajabi a shekarar ba. Hatsin da ya riga fitar da kai ya sha kashi, Baffa ya yi asara mai yawa, mu ma ta taɓa mu. Amma wanda ya biyo baya ya tsira, ya yi tsaba, kuma da shi garin ya ci har aka kai wata damina. Da na gwada da wani ƙauye na wajen Tabotaki inda ba a saki ƙwarin ba, bambancin a fili yake. Ranar da za mu yi girbi, tun ban fito ba na ji hayaniya a ƙofar gida. Baffa ne da 'ya'yansa da matansu, kowa da abin yankansa. Ya leƙo ya gaida Baba, ya dube ni ya ce, "Ke je ki yi karatun jarrabawarki. Gona ta ishe ki haka." Su suka girbe, suka ɗaure dammuna, suka zuba a rumbu. Maganar ƙofar maigari kuwa, daga ni har shi ba wanda ya sake tayar da ita.

Na koma Tawa na rubuta jarrabawata. Malaman da na rasa darussansu sun ba ni lokaci na musamman, ƙawata kuma ta zauna ta gyara mini Faransancin aikina shafi bayan shafi, tana yi tana mita wai rubutuna ya koma na manoma. Ranar da na kare aikin a gaban malamai, Baba bai iya zuwa ba, jikinsa ba zai ɗauki hanyar ba. Baffa ne ya zo a madadinsa, da babbar rigarsa ta Juma'a, ya zauna a layin gaba, ba ya jin ko kalma ɗaya ta Faransanci. Ɗaya daga cikin malaman ya tambaye ni mene ne babban abin da ya kusa hana aikin tafiya. Na amsa da gaskiya, na ba da labarin buhun da ya yage. Malamin ya juya Hausa, ya tambayi Baffa ko damina mai zuwa za su yarda a sake kawowa. Baffa ya miƙe tsaye kamar a gaban alƙali, ya ce, "A kawo da wuri dai, tun hatsi bai yi ciki ba. Kuma a fara da tawa." Ɗakin ya kwashe da dariya da tafi.

Baba ya ƙara damina biyu a duniya. Bai sake tafiya da ƙafarsa ba, amma ya ga na fara aiki, ya kuma ga ƙannena sun dawo. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Abin da wannan al'amari ya koya mini, ina amfani da shi kullum. Na koyi cewa in matsala ta taso wa ɗalibi, kada ya naɗe kayansa ya ɓace a ɓoye, ya je ya faɗa, don sau da yawa akwai ƙofar da shi bai san da ita ba. Na koyi cewa darajar makaranta ba a girman sunanta take ba, tana ga malaman da suka san ciwon mutanen da ke kewaye da su, har su naɗe wando su ƙetare ƙorama don su je inda ciwon yake. Babban darasin kuwa shi ne, ilimi komai ingancinsa ba ya shiga gari da ƙafarsa. Sai an samu wani ya tsaya masa, ya sa abin da ya mallaka a gaba, tun ba a ga amfaninsa ba. Shi ya sa har yau, in na je ƙauye da wani sabon abu manoma suka yi mini gardama, ba na jin haushi. Nakan zauna in saurare su har su gama, don na san abincin 'ya'yansu ne nake roƙo su ba ni amana.